Ranar Da Rumbunmu Ya Ƙi Amsa Sallama

Tun da farko ya kamata in shaida wa mai karatu cewa ni ba injiniya ba ne, ban kuma taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba. Ɗalibin Hausa ne ni, ina shekarar ƙarshe, abin da kuwa ya jefa ni cikin sha'anin wayoyi da lambobi shi ne kundin nan da kowannenmu yakan rubuta kafin a sallame shi. Saboda haka in wani ɗan sashen kimiyya ya ci karo da wannan 'yar takarda ya ga na yi wa iliminsu hawan ƙawara, to ya yi haƙuri, abin da ya same ni nake faɗi, da kalmomin da na iya.

Asalin abin kaset ne. Tun kafin a haife ni, sa'ad da Babanmu yake saurayi ya fara ɗaukar albashi, ya sayi rikoda, ya riƙa ajiye ta gaban mahaifiyarsa da dare in tana yi wa yara tatsuniya, ko da hantsi in mata suna niƙa suna waƙa. Ita Kaka ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, akwai ma inda za ka ji tana cewa ya ɗauke mata wannan akwatin tsegumi. Ta rasu ina ɗan shekara 4, abin da nake tunawa game da ita bai wuce ƙanshin man shanu da wani zanen saƙi baƙi ba. Kaset ɗin nan guda 31 ne, galibinsu masu minti 90, suna cikin wata tsohuwar adaka a ɗakin Baba a gidanmu na cikin birnin Zariya, ba mai taɓa su, don rikodar ta daɗe da mutuwa.

Da aka zo zaɓen abin da za a yi kundi a kai, na ce zan kwatanta tatsuniyoyin Kaka da irin waɗanda Frank Edgar ya tattara ya fara bugawa a 1911, in ga abin da ya sauya da abin da ya tsaya cak, sa'an nan in keɓe babi ɗaya don waƙoƙin niƙa. Malamin da ke duba ni ya yarda, amma ya ce in fara ceto muryar tukuna, don zaren kaset ba ya jiran kowa. Ya yi gaskiya. Na ari rikoda wurin wani mai gyaran rediyo, na haɗa ta da kwamfuta da 'yar waya, na riƙa ɗauka da wata manhaja ta kyauta mai suna Audacity. Aikin ba shi da yanke: kaset mai minti 90 sai ka zauna masa minti 90. Dogon hutu gaba ɗayansa a kan haka ya tafi. Guda 4 daga ciki rikodar aro ta tauna zarensu a wajen mayarwa baya, bayan na riga na kwafe su, watau daga ranar nan abin da ke cikinsu babu shi ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne tushen firgitar da za ta zo nan gaba.

Ita kwamfutar kuwa tsohuwa ce ta Yayana wadda ya bar mini da ya sami sabuwa. Batirinta ya mutu, in ba a jona ta da wuta ba ko tari ba ta yi, lasifikarta kuma ta toshe, amma cikinta lafiya lau. Wani abokina da ke karatun kwamfuta shi ya ba ni shawara in mayar da ita abin da Turawa suke kira da kalmar da ke nufin mai yi wa wasu hidima. Ni dai na ga kalmar rumbu ta fi dacewa da ita, don aikin ke nan: a tara abu wuri ɗaya, kowa a gidan ya zo ya ɗiba gwargwadon bukatarsa, ba sai an kai wa kowane ɗaki buhu ba. Muka sa mata manhajar Jellyfin, ita ma kyauta ce, masu sa kai suka fara ta a 2018. Kana zuba mata sauti da hotuna masu motsi, sai ta jera su tsaf, duk wata waya ko talabijin da ke gidan ta iya kunnawa ta hanyar rauta, watau 'yar na'urar nan mai sim a ciki wadda ke rarraba waifai. Na zuba kaset ɗin Kaka, na rubuta wa kowanne suna, na ƙara da bidiyon bukukuwan gidanmu. Na ajiye rumbu da rauta a shagon samari kusa da zaure.

Mako biyu abu yana aiki sumul. Baba yakan zauna bayan isha'i ya kunna a talabijin ya yi shiru, mu ma mu yi shiru. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara yi wa ƙannena bayani da hannu a aljihu. Cikin wannan jin daɗi ne Baba ya buga wa yayarsa waya, Goggonmu da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Soba, ya ce ta zo ta ji uwarta. Kusan shekara 20 rabon da ta ji muryar. Ana tsakiyar girbi, ba lokacin barin gida ba ne, amma ta hau mota ran Alhamis ta zo, a kan za ta koma ran Asabar da safe.

A ranar an ɗauke wuta tun hantsi, ba a kawo ba sai gab da magariba. Ana kawowa na je shago na danna wa rumbu maɓalli, na ga ta haska, na yi tafiyata masallaci. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a falon Baba, Inna da Goggo da yara, har da wata maƙwabciya tsohuwa da ta san Kaka. Na ɗauki rimot da isa, na danna. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar talabijin yana juyawa. Ya juya, ya juya, sa'an nan wani gajeren rubutu ya fito da Turanci wai ba a iya isa ga rumbun ba. Na sake dannawa. Zobe ya sake juyawa. Na gwada a wayata, ita ma haka.

Abin da na aikata a cikin awa biyun da suka biyo baya ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗa, don na san da yawa daga cikin masu karatu haka za su yi. Inna ta ce wataƙila data ta ƙare. Ban tsaya dubawa ba, na ɗauki kuɗin da na ware don buga kundi na sayi data. Ba abin da ya sauya. Na kira masu layin, bayan dogon jira wata baiwar Allah ta ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Na kashe talabijin na kunna. Daga nan gumi ya fara keto mini, ina jin idon mutane a ƙeyata, sai na tuna akwai wata 'yar huda a bayan rauta wadda in ka soka tsinke ka daɗe take mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Na sami tsinken tsintsiya na soka. Tirƙashi! Kafin in dawo falo duk wayoyin gidan sun faɗo daga waifai, don sunan da na sa masa da kalmar sirrin duk sun goge. An je neman gira an rasa ido. Sai da na kifa rautar na karanto wa kowa dogayen haruffan da ke liƙe a gindinta.

Ƙanwata ta matso tana cewa, "Yaya, me zai hana…" na daka mata tsawa na ce ta ba ni wuri. Goggo ce ta kawo ƙarshen abin. Ta gyara mayafinta ta ce, "Bar shi haka nan, ɗan nan. Wanda ya jira shekara ashirin ai dare ɗaya ba zai gagare shi ba." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daren nan ban runtsa ba. Kunyar daban, amma abin da ya hana ni barci shi ne tunanin ko ɗauke wutar nan ya ƙona faifan ajiyar, kaset ɗin nan 4 sun tafi ke nan har abada, a hannuna, bayan sun yi shekara da shekaru lafiya a cikin adaka. Wani zai ce me ya sa ban buɗe kwamfutar na duba ba tun da farko? Amsar ita ce tsoro. Ga ta nan kusa da katifata tana 'yar ƙararta, amma na kasa, kamar mai jinya da ya ƙi karɓo sakamakon gwaji. Sai da aka yi kiran assalatu na yi ta maza na buɗe. Komai yana nan. Guda 31 cif. Na buɗe Jellyfin daga cikin ita kwamfutar kanta, ya buɗe nan take, ga sunayen da na rubuta a jere. Ashe rumbu bai san ma ana nemansa ba.

Da gari ya waye na kira abokin nan nawa. Ya saurare ni har na kai aya, ya yi dariyarsa ya more, sa'an nan ya ce laifina ɗaya, na yi ta gyaran abubuwan da ban tabbatar sun lalace ba. Ya ce in ɗauka an aike ni wurin wani mutum a cikin birni na dawo na ce ban same shi ba. Mai aiken zai tambaya: mutumin yana raye? Na ce yanzu na tabbatar yana raye. Ya ce to, gidan da ka je, nan ne gidansa?

A nan ne na fara fahimtar abin da ake ciki, kuma a nan zan ɗan tsaya, don shi ne zuciyar al'amarin. Duk na'urar da ta hau waifan gida, waya ce ko talabijin ko kwamfuta, tilas a ba ta adireshi, lamba ce mai gaɓa huɗu da ɗigo a tsakani. A gidajen mutane galibi takan fara da 192.168, don an keɓe irin waɗannan lambobi musamman saboda cikin gida, ba su fita waje. Mai raba adireshin nan kuwa ita ce rauta, kamar mai unguwa da ke raba filaye. Sai dai ba sayarwa take yi ba, aro take bayarwa na wani ɗan lokaci. Wasu rautoci sukan tuna wanda suka ba kowace lamba ko da an kashe su. Tamu irin mai arha ce, da an ɗauke wuta sai ta manta komai, in an kawo kuma ta soma rabo daga farko, wanda ya riga zuwa shi ke samun lambar gaba. To, wa zai riga zuwa? Wayoyi mana, tun da suna da batiri, suna nan a faɗake suna jira. Rumbu kuwa sai wani ya tashi ya je ya danna masa maɓalli. A mako biyun farko an yi sa'a ne kawai, ko dai wutar ba ta daɗe ba, ko jerin zuwan bai sauya ba. Ran Alhamis ɗin nan gida cike da baƙi, kowa da wayarsa.

Abokina ya ce in buɗe wani baƙin allo a kwamfutar in rubuta ipconfig. Na rubuta. Adireshin da na sa wa talabijin tun ranar farko yana ƙarewa da 102. Wanda rumbu yake riƙe da shi yanzu yana ƙarewa da 107. Na shiga shafin rauta na duba wa ke zaune a 102, sai na ga wayar ƙanwata ce. Watau duk daren jiya talabijin ƙofar wayar yarinyar nan yake ƙwanƙwasawa yana neman Kaka.

Maganin wannan ba wuya. Kowace na'ura tana da wata lamba tata ta haihuwa, mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ba rauta ce ta ba ta ba. A shafin rauta akwai wurin da za ka ce: mai wannan lambar ta haihuwa, kullum a ba shi adireshi kaza, ko ya zo da wuri ko ya makara. Na yanka wa rumbu filinsa na dindindin, na zaɓi lamba can nesa da inda ake rabon yau da kullum. Af, kafin in manta, maganar data. Daga baya na cire sim ɗin daga rauta gaba ɗaya don in gwada, na ga rumbu da talabijin suna zancensu ba abin da ya dame su. Waifai daban, intanet daban. Waifai shi ne lungunan cikin gida, intanet kuwa titin da ya fita gari, wanda zai je rumbu daga ɗaki ba ya bukatar kuɗin mota. Mu kuwa mun saba haɗa su a baki, shi ya sa kuɗin buga kundina suka tafi a banza.

Na rubuta sabon adireshi a talabijin ina murmushi. Zobe ya juya, ya juya, rubutun jiya ya sake fitowa.

Na sake kiran abokina, wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Ya ce to, mutumin yana raye, ka kuma gane gidan, saura ka yi sallama ka ji. Akwai wani ɗan umarni da ake kira ping, aikinsa ke nan, ya aika da 'yar gajeriyar sallama zuwa wani adireshi ya jira a amsa, ya kuma faɗa maka tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Na yi sallama daga wayata zuwa rauta, ta amsa. Daga rumbu zuwa rauta, ta amsa. Daga rumbu zuwa wayata, ta amsa. Daga wayata zuwa rumbu, shiru. Na maimaita, shiru. Hanya dai a buɗe take, tun da shi yana iya fita ya gai da mutane a amsa masa, amma in an zo wurinsa ba ya ko tari. Duk wanda ya girma a birni ya san ma'anar wannan: akwai wani a zaure da ke cewa maigidan ba ya nan.

Haka kuwa abin yake. A cikin kwamfuta akwai wani mai gadi da ke tace masu shigowa. Adireshi ɗaya ne, amma ƙofofinsa sun haura 65,000, kowace hidima da tata, ta Jellyfin ita ce mai lamba 8096. Ranar da muka kafa rumbu, mai gadin ya tambaye ni ko a bar wannan ƙofa a buɗe, na ce a bar ta in muna gida, in muna bainar jama'a a rufe. Hankali ke nan, don ba ka so in ka hau waifan otal ko na tasha kowa ya leƙa kayanka. To amma yaya Windows take gane gida? Da sunan waifai. Ni kuwa jiya da dare na soka tsinke na goge sunan. Da kwamfutar ta ga baƙon suna sai ta ɗauka an kai ta kasuwa, ta ja ƙofofinta ta rufe. Ba ta yi laifi ba, abin da na umarce ta ta yi. Ciwo ɗaya na tarar ran Alhamis, na biyun ni na ƙirƙire shi da hannuna wajen neman magani, kuma da ban taɓa tsinken nan ba da tun da hantsi an gama. Na shiga na gaya mata nan gida ne. Shafi ya buɗe a wayata kafin in ɗaga yatsa.

Lokacin an yi la'asar, don sallar Juma'a ta raba aikin biyu. Na fito daga shago na nufi cikin gida ina tafe ina shirya yadda zan ba da labari, da mai unguwa da mai gadi da duk abin da na gano. Tun daga tsakar gida na ji wata murya tana cewa ga ta nan ga ta nanku. Na tsaya. A ɗakin Inna na same su, Goggo ta jingina da bango ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, a gabanta an kafa wayar ƙanwata cikin kwanon sha don sauti ya ƙara fitowa. Ashe sa'ad da na tafi masallaci yarinyar nan ta shiga shago da wayar cajinta, ta jona, ta kwafi kaset uku a cikin 'yan mintoci. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, ai abin da nake son faɗa maka ke nan tun jiya." Ban ce komai ba. Na sami gefen tabarma na zauna, aka ƙarasa tatsuniyar da ni.

Da dare aka koma falo, talabijin ya yi aikinsa ba gardama. Aka ji tatsuniya biyu, Goggo tana riga Kaka faɗin abin da Gizo zai ce. Sa'an nan na ce bari in sa musu wanda na fi so, kaset na 12, waƙoƙin niƙa, wanda na riga na rubuta shafi 9 a kansa. A cikin shafukan nan na yi bayani dalla-dalla yadda Kaka take amfani da habaici wajen huce haushin kishiya, na kawo misalai, har na yi hasashen halin kishiyar daga kalmomin waƙar, mace mai son jiki da yawan kai ƙara wurin miji. Dutse ya fara gurzawa, murya ta tashi. Ba a yi baiti biyu ba Goggo ta sauke mayafi ta ce, "Kai, wa ya ce maka Inna ce wannan?" Na ce ai a jikin kaset ɗin haka aka rubuta. Ta fashe da dariya har da hawaye, dariyar farko da na ji ta yi tun zuwanta. Ta ce, "Wannan ai abokiyar zamanta ce. Inna ba ta waƙa in tana niƙa, numfashinta ba ya kaiwa. Mai son jikin da ake faɗi, ita ce." Kowa ya juya ya dubi Baba. Ya yi gyaran murya, ya ce lalle shi ma yanzu da aka faɗa ya tuna.

Goggo ba ta kwanta ba sai da muka bi kaset 7, tana faɗa mini wane ne wane a cikin muryoyin, wa ya yi tari, wace yarinya ce ke kuka a baya, ina rubutawa a bayan takardun kundina. Da safe kafin ta hau mota na zuba mata duka a memori na sa a 'yar ƙaramar wayarta. Na kuma zuba wani kwafin a faifai dabam na kai ɗakin Baba, na sa a cikin adakar nan tare da kaset ɗin.

Sauran wahalar ba ta kai wannan zafi ba, zan taƙaita. Bidiyon biki yakan riƙa tsayawa yana tafiya a falon Baba, alhali sauti kaɗai ba ya yi. Tsakanin shago da falo akwai katangar ƙasa biyu irin ta gidajen birni, kowacce kauri kamar gado. Rautar tana watsawa a zango biyu, na 5 da na 2.4, na farko ya fi gudu amma katanga takan cinye shi, na biyu ya fi ratsawa amma ba shi da sauri, ga na maƙwabta suna cunkushe da shi. Na gaji da zaɓe tsakanin gurgu da makaho, na sayo kebul na ja ta saman katanga har bayan talabijin. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba ta gaza ba, gidanmu kuwa bai kai rabin haka ba.

Wadda ta ci mini kwanaki ita ce ta bayan na dawo makaranta. Tun da babi guda ya rushe, ina bukatar in riƙa sauraron kaset ɗin daga ɗakin kwananmu, wayata kuma ba ta da wurin ɗaukarsu duka. Kafin in taho na bi abin da aka saba, na gaya wa rauta duk wanda ya zo daga waje yana neman ƙofa ta 8096 a wuce da shi wurin rumbu. Na zo makaranta na gwada, shiru. Wannan karon ban soka tsinke a ko'ina ba. Na sa ƙanwata ta karanto mini adireshin da rauta take cewa nata ne na waje, na kuma sa ta buɗe wani shafi da ke faɗa wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. Ba su zo ɗaya ba. Na rautar ya fara da 100, ɗayan kuwa wata lamba ce dabam.

Dalilin ya fi ƙarfin gidanmu. Adireshin nan mai gaɓa huɗu gaba ɗayansa bai wuce biliyan 4 da miliyan 300 ba, kuma babbar ma'ajiyar da ake rabo daga cikinta ta ƙare tun 2011. Saboda haka kamfanonin layi da yawa sukan tara masu hulɗa da su masu ɗimbin yawa a bayan adireshi ɗaya, su ba kowa wata lambar cikin gida, har an keɓe musu lambobin da suka fara daga 100.64 don wannan aiki a 2012. Watau ni ina zaton gidanmu yana bakin titi, ashe ɗaki ne a cikin wani makeken gidan haya mai ƙofa ɗaya, mabuɗin ƙofar kuma ba a hannunmu yake ba. Na ciki yana iya fita, amma baƙo ba ya iya shigowa ya ce wurin wane ya zo. Duk buɗe ƙofar ɗaki da na yi aikin banza ne. Dabarar da ta fisshe ni ita ce wata manhaja mai suna Tailscale, wadda ake sa wa rumbu a kuma sa wa waya. Tun da kowannensu yana iya fita, sai su fita su haɗu a waje, su haƙa wata ɓoyayyiyar hanya tsakaninsu wadda ba mai bi sai su. Sai da na koma gida a ƙarshen mako na kafa ta, na kuma rufe ƙofar nan da na buɗe a rauta, don daga baya na gane barin ta a buɗe ma ganganci ne. A nan kam data tana ciwo, ta gida da tawa duka, tun da yanzu an hau titi.

Yanzu haka ina rubuta babin waƙoƙin niƙa daga farko, Malam ya ce sabon ya fi tsohon, ya kuma ce in koma ƙauye in ɗauki Goggo ita ma tun tana da ƙarfi. Abu ɗaya ne ya gagare ni. In an ɗauke wuta a Zariya rumbu yakan mutu, in an kawo kuma ba ya tashi da kansa, sai an danna. Shekaranjiya da dare ina tsakiyar rubuta wata waƙa sauti ya yanke. Na jira awa ɗaya, na buga wa ƙanwata.

"An kawo wuta?"

"An kawo."

"Don Allah je ki shago ki danna mini."

"Yaya, ai ka ce in ba ka wuri."

Sai da na tura mata kati ta tashi.